Amana ce jari a kasuwa, ko dai gata ne?

Ɗan_Layin_Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Manyanmu na Kantin Kwari suna yawan cewa a kasuwa ba kuɗi ne jari ba, amana ce. Kuma ido yana ganin haka. Mutum zai buɗe maka sito ka ɗebi atamfa da shadda na miliyoyi, ba takarda ba shaida, ka sayar ka kawo masa ranar da kuka yanka. Da yawan kayan da kuke gani jibge a tebura ba na masu teburin ba ne, bashi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wa ake ba wannan amanar? Na san samari biyu da suka shigo layinmu kusan lokaci guda, kuma ban taɓa jin an kama ko ɗayansu da cin kwabon wani ba. Ɗaya ɗan ƙanwar wani mai shigo da kwantena ne. Ɗayan daga ƙauye ya zo, ba shi da kowa a birni. Yau na farkon shagonsa biyu. Na biyun har yanzu baranda yake yi, ya ɗauko turmi a shagon wani ya kai wa mai saye ya ci ɗan abin da ya hau kai. To gaskiyarsu ɗaya, me ya raba su? Ni dai na fara zargin abin da muke kira amana rabinsa gata ne. Masu ilimi da manyan kasuwa a warware mana.

Alhaji_Mai_Sito:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ga rabi ka bar rabi. Ni nan da kake gani dako na fara yi a kasuwar nan, ubana manomi ne, bai taɓa taka Kwari ba. Maigidana ya daɗe yana gwada ni ban sani ba. Ya bar kuɗi a aljihun tebur ya fita, ya aike ni karɓo bashi da adadin da ya riga ya sani. Da ya gamsu, shi da kansa ya kama hannuna ya kai ni wurin masu kaya ya ce ku ba shi, in ya ci ni zan biya. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ɗan ƙanwar Alhajin da kake magana, ka bari ka gani. Mun ga 'ya'yan manya da aka buɗe wa shago cike, kafin a je ko'ina sun cinye uwar kuɗi da riba. Gata yana shigar da mutum kasuwa, amma ba ya zaunar da shi.

Talaka_Na_Gari:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma maganarka ta tabbatar da tasa ce. Ka ce maigidanka ya kama hannunka ya ce "in ya ci ni zan biya". To wannan shi ne gatan! Masu dako nawa ne a zamaninka masu gaskiya irin taka da ba su samu mai kama hannunsu ba? Kuma ɗan masu kuɗi in ya karye ana sake zuba masa jari, har sau uku ma. Ɗan talaka sau ɗaya zai yi tuntuɓe, shi ke nan sunansa ya ɓaci har ƙarshen layi.

Alhaji_Mai_Sito:
Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ban musa ba. Amma rabo ma yana nan, kada ku cire Allah a lissafi.

Malamin_Tarihi:
Tambayar nan ta girmi Kwari nesa ba kusa ba. Ku duba fataucin goro na Gwanja. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano ko Katsina ya nufi Salaga, a arewacin Ghana ta yau, da jakuna ɗauke da kanwa, da saƙi, da fata, ya komo da goro. Tafiyar watanni ce, ta ƙasashen sarakuna daban-daban, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kogi. Ba kotu guda da ke da iko a kan hanyar gaba ɗaya, ba banki. Me ya riƙe harkar? Madugu da ke shugabantar ayari yana sasantawa da sarakunan hanya, sai kuma maigida a kowane zango: shi zai sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka lamuni in an sayar bashi.

Amma ku lura da su waye suka riƙe wannan fataucin. Galibi zuriya uku ce: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Suna auratayya a tsakaninsu, suna koya wa 'ya'yansu hanya tun suna ƙanana, suna ba juna bashi. In ka ci amanar ɗaya, labari zai riga ka isa zango na gaba, kuma surukinka ma zai ji kunya. Wato yarda ta yi ƙarfi a cikinsu ne saboda da'irar a rufe take, kowa ya san asalin kowa kuma akwai yadda za a hukunta shi. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne kuma abin da ya hana bare shiga. Ban ga yadda za a raba biyun ba.

Wani abu kuma da ba mu cika son faɗa ba: akwai bayi a cikin wannan arziki. Su ne suka yi dako, su ne suka yi noma a rinji. Ba da yarda aka haɗa su da iyayen gijinsu ba.

Zango_Kumasi:
Malam ya faɗi gaskiya. Mu nan kakanninmu ta wannan hanya suka zo. Bayan yaƙin Salaga na 1892 kasuwar ta watse, mutane suka bazu zuwa Kete Krachi, Kintampo, Yeji, daga baya Kumasi da Accra. Har yau a zango in baƙo ya sauka ana tambayar wane ne maigidansa kafin a tambayi me ya kawo. Amma ina so in ƙara abu ɗaya da ku na gida ba ku ɗanɗana ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da suka shekara da shekaru suna ciniki cikin mutunci suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, bashin da suke bin mutane ya bi ruwa. Duk amanar da ka tara, takarda ɗaya daga hukuma tana iya shafe ta. Najeriya ma ta yi wa 'yan Ghana irin haka a 1983.

Jikan_Dillali_Sabo:
Gaisuwa daga Sabo, Ibadan. Unguwarmu tun 1916 aka kafa ta, kuma kan abin da Malamin_Tarihi ya bayyana ta tsaya. Mai shanu zai taho daga Arewa bai san mahauci ko ɗaya ba. Mahauci Bayarabe kuma ba shi da kuɗin biyan sa a hannu, sai ya yanka ya sayar. Maigida ne ke tsakani. Ya san wane mahauci ne ke biya, wane ne bashi ya yi wa katutu, ana ba da sa bashi a kan bakinsa, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Dillali kuma ya karɓi la'adarsa. Kun ga nan yarda ta ƙetare ƙabila da harshe. Amma ba kowa ke zama maigida ba. Sai mai gidajen saukar baƙi, mai yara, mai kuɗin da zai iya cike giɓi. Mutum ba ya tsaya wa wani lamuni da kyakkyawan hali kaɗai.

Maman_Biyu:
Tun ɗazu maza kuke ta zancen ayari da shanu. Mu fa? Ni uwar adashe ce a unguwarmu. Mata suna zubi duk mako, mai kwasa ta kwasa, da shi ake sayen keken ɗinki, da firji, da kayan ɗakin 'ya. Ba mai sa hannu a komai, littafina kawai. Amma bari in faɗa muku gaskiyar yadda ake tsara kwasa. Wadda aka sani, mijinta yana da abin yi, gidansu nasu ne, ita ake ba ta farko ko ta biyu. Baƙuwa ko 'yar haya sai ƙarshe, don in ta kwashe ta tashi ina za mu gan ta? To ku yi lissafi: ta farko ta samu rance ba ruwa, ta juya kuɗin watanni. Ta ƙarshe ita ta ba kowa rance, kuɗinta kuma ya dawo mata bayan tsadar kaya ta rage masa daraja. Ba mugunta muke yi ba, tsoron asara ne. Amma sakamakon shi ne mai ɗan hali ita ke ƙara gaba, ko a adashen dubu biyu.

Ɗan_Layin_Atamfa:
Hajiya Maman_Biyu, wallahi kin fi kowa fahimtar tambayata. Abin da ke faruwa a Kwari ke nan sak.

Sarkin_Shakka:
Ni dai duk wannan yabon amana ban yarda da shi ba. Wace amana? Ku je kotunan shari'a na Kano ku ga ƙarar bashi. Ku tambayi 'yan kasuwar Singa da ta Dawanau nawa aka gudu da kuɗinsu. Da can ne ake amana.

Malamin_Tarihi:
@Sarkin_Shakka, da can ma ana ci. Bambancin shi ne da wuya macuci ya samu wurin ɓuya. Yanzu mutum zai canza layin waya ya koma Abuja ko Legas ya buɗe sabon shafi.

Bari in kawo misalin da kowa ya sani, don yana da fuska biyu. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, Ba'agale ne, mahaifinsa madugu ne, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce da ta zauna a Accra. Ya yi fataucin goro, har yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa, sai suka tarar ba su san manomi ko ɗaya ba, ba su jin harshe, ba su san wa za su ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Fataken goro kuwa suna da yara a kowane ƙauye. Sai kamfanonin suka riƙa ba irin su Ɗantata da Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo kuɗi tun kafin kaka, su kuma su raba wa yaransu, yaran su shiga ƙauyuka. Sarƙar bashi ce tun daga Ingila har bakin rumbun manomi, kowane gaɓa yana riƙe da na ƙasa da shi bisa yarda. Lokacin da Ɗantata ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ƙwazonsa da tsantseninsa ba a musunsu. Amma hanya da suna da mutane, waɗannan ya tashi ya tarar da su a gida.

Talaka_Na_Gari:
Kuma manomin da ya noma gyaɗar fa? Dalar gyaɗa muna ta alfahari da hotonta. Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce ke yanka farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta tafi asusun gwamnati. Saye kuma sai wanda aka ba lasin. Wa ake ba lasin? Wanda ke da jari, da wanda ke da fada a wurin masu mulki. Abin da su Malam Aminu Kano da NEPU suka yi ta faɗa ke nan tun 1950, aka riƙa ɗaure su. Ku nuna mini jikan manomin gyaɗa ɗaya da ya gaji wani abu daga dalar nan.

Ɗan_Boko_Zariya:
@Talaka_Na_Gari a yi adalci. Da rarar kuɗin hukumomin amfanin gona aka yi ayyuka da dama a Jihar Arewa, makarantu da masana'antu. Jikokin manoma da yawa sun yi karatu kyauta a kan wannan kuɗin, wataƙila har da iyayen wasunmu a zauren nan. Ana iya cewa rabon bai yi daidai ba, amma ba a ce ba su samu komai ba.

Talaka_Na_Gari:
Wa ya shiga makarantun da farko? 'Ya'yan hakimai da na ma'aikatan En'e. Mu bar wannan.

Ɗan_Wapa:
Ku zo Wapa, kasuwar 'yan canji ta Fagge, ku ga amana tsirara. Mutum zai kira ni daga Guangzhou ko Dubai ya ce a ba wane dala kaza, in bayar kafin nasa ya shigo hannuna. Kalma ce kawai. Wanda ya saɓa sau ɗaya ya gama canji a Fagge. To amma in kuna neman inda gata yake na gaske, ba a teburinmu yake ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a wurinmu tana wajen 750. Duk wanda ke da hanyar da za a ba shi dala miliyan ɗaya a farashin hukuma, ya samu kusan naira miliyan 290 bai ɗaga ko tsinke ba. Zamanin Abacha ma haka, naira 22 a hukumance, kasuwa tana sama da 80. Sarki Sanusi ya fito fili ya soki wannan tsari a 2016, ya nuna mutum yana iya zama a gidansa da waya ya tara dukiya ta wannan giɓin. Ni zan shekara ina cin naira biyu uku a kan kowace dala ban kama ƙafar abin da sa hannu ɗaya ke bayarwa ba. Don haka Ɗan_Layin_Atamfa, gatan ɗan ƙanwar Alhaji ƙaramin alhaki ne.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Abin da Ɗan_Wapa ya ce haka yake wajenmu. Alhazan Maraɗi da gyaɗa suka fara, suna saye wa kamfanonin Faransa, bayan 'yancin kai kuma aka kafa SONARA, hukumar cinikin gyaɗa ta Nijar, a 1962 ta riƙe harkar. Amma babbar dukiya ta zo ne daga iyaka. Duk abin da Najeriya ta hana shigowa da shi, ko taba ko atamfa ko shinkafa, sai ya sauka Kwatano ya hau zuwa Maraɗi ya tsallaka Jibiya. Wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da yarda mai ƙarfi tsakanin Alhajin Maraɗi da na Katsina ko Kano, don ba ka iya kai ƙara kotu kan kayan da suka bi ta bayan gida. Kuma ba ya yiwuwa sai da sanin manya ta ɓangarorin biyu. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wa ya sha wuya? Mai buhu biyu a kan babur, da mata masu tallar iyaka. Manya dai ba mu ga sun rame ba.

Admin_Zaure:
Jama'a a kiyaye. Tarihi da abin da ke rubuce a fili ba laifi, amma kada a kama sunan wani mai rai a jingina masa laifin da ba a tabbatar ba. A ci gaba.

Ɗan_Boko_Zariya:
To bari in taɓo wanda kowa ke kewayewa, cikin ladabi. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma shi da kansa bai ɓoye cewa da rancen jari daga dangi ya fara a 1977 ba. Manufar siminti ta 2002, zamanin Obasanjo, ta ɗaure izinin shigo da siminti ga waɗanda suka zuba jari a masana'antar cikin gida, kuma ya ci moriyarta ƙwarai. Wannan gata ne, ba musu. Amma ga masana'antar siminti ta Obajana a tsaye, ga matatar mai a Lekki. Mutane nawa aka ba lasin shigo da kaya zamanin Shagari suka sayar da takardar a otal suka sayi motoci? Koriya ta Kudu ma gata ta ba su Samsung da Hyundai, bashi mai sauƙi da kariya, sai dai ta ɗora musu sharaɗin sai sun fitar da kaya waje sun yi gogayya, wanda ya gaza a janye. Ni a ganina tambayar ba a ba da gata ko kada a bayar ba ce. Me aka karɓa a madadinsa?

Sarkin_Shakka:
Abin da aka karɓa shi ne buhun siminti da talaka ba ya iya saye. Kariya ta hana gogayya, mu muke biya.

Ɗan_Boko_Zariya:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa na ce sharaɗi. In an kare ka daga na waje, dole a samu mai sa ido kan farashinka a gida.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Na yi aiki a sashen ba da rance, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Banki ba ya auna gaskiyar mutum, ba shi da ma'aunin. Jingina yake nema, kuma jinginar da ya fi yarda da ita takardar mallakar fili ce mai sa hannun gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara. Manomi yana da gona tun kakan kakansa, duk ƙauye sun shaida, amma a idon banki ba shi da komai. Wani kuma an ba shi fuloti a unguwar manya saboda kusanci, ya kawo takarda, mu ba shi miliyoyi. Wato alfarmar farko ita ke haifar ta biyu. Sau da yawa na ga ɗan kasuwar da kuɗin da ke ratsa hannunsa a wata ya fi na wasu kamfanoni, amma ba shi da rajista, ba lissafi a rubuce, dole mu ce masa a'a. Shi ma kuma ba ya son mu, saboda kuɗin ruwa. Zuwan Jaiz a 2012 da sauran bankunan da ba ruwa ya rage wannan matsala ta biyun, amma ta farkon tana nan, su ma jingina suke tambaya.

Manomin_Fadama:
Ranka ya daɗe, an gwada ba mu ba jingina ai. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, an ce a haɗu ƙungiya-ƙungiya kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Sama da naira tiriliyan ɗaya aka fitar a faɗin ƙasa, kuma biyan ya zo da matsala babba. A yankinmu na ga yadda aka yi: masu rubuta suna suka cusa 'yan'uwansu da ba su taɓa riƙe fartanya ba, taki ya zo bayan lokacinsa ya wuce, wasu kuma suka ce rabonsu ne na gwamnati. Mutumin da ba zai iya kwana da bashin mudu biyu na maƙwabcinsa ba, shi ne ya ci na gwamnati ya yi barci. Don ya san maƙwabcin, gwamnati kuwa bai taɓa ganin ta cika masa alkawari ba. Mu da muka biya, da waɗanda ba su biya ba, yau duk sunanmu ɗaya: manoma ba sa biyan bashi.

Gayya ma da muke taƙama da ita ta ja baya. Da, a yi wa wannan noma yau, gobe a yi wa wancan. Yanzu mai hali ya ɗauko tarakta ko 'yan ƙwadago, ba ya bukatar kowa, to shi ma ba ya zuwa wa kowa. Gayya ta rage tsakanin marasa shi.

Almajirin_Fiƙihu:
Ina ta karatu ina jiran wani ya kawo wannan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi take, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a rubuta, a kafa shaidu. Mu kuma mun mai da "ba takarda ba shaida" abin alfahari, har in ka ce a rubuta sai a ce ba ka yarda da mutum ba. Wa rashin rubutu ke cuta? Mai rauni. In Alhaji da yaronsa suka saɓa kan lissafi, maganar wa za a ɗauka? In maigida ya rasu, magada su ce ba su san da wani alkawari ba, yaron da ya yi shekaru yana bauta ya tashi a tutar babu. Sannan fiƙihunmu na Malikiyya yana da babin ƙiradi: mai kuɗi ya kawo jari, mai ƙarfi ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, in asara ta zo ba da sakaci ba mai jari ya ɗauka. An tanadi wannan ne domin irin saurayin ƙauyen da aka buɗe zancen nan da shi.

Alhaji_Mai_Sito:
Malam, Allah ya saka da alheri, aya gaskiya ce. Amma ka zo kasuwa ka ga. A rana ina ba mutum talatin kaya, wasu ta waya. In na ce kowa sai an zauna an rubuta da shaidu biyu, ciniki ya tsaya. Saurin nan shi ne ribarmu. Ƙiradi kuma mun gwada. Ka ba yaro jari, shekara ta zagayo ya ce asara aka yi, alhali ya yi sabon aure ya sayi babur. Ta ina zan tabbatar da sakaci? Shi ya sa kowa ke komawa ga ɗan'uwansa, don ko ya ci, akwai uwarsa da za a kai wa ƙara.

Maman_Biyu:
Alhaji ai yanzu ko saƙon WhatsApp rubutu ne. Ni duk wadda ta zuba sai na tura mata a rukuninmu kowa ya gani. Rigima ta ragu sosai.

Bahaushen_Onitsha:
Ina zaune cikin Inyamurai shekaru, kuma akwai abin da ya kamata mu duba a tsarinsu na yaran shago. Yaro zai zo wurin maigida, iyaye da dangi su zauna a yanka shekarun da zai yi, galibi biyar zuwa bakwai. In ya cika, wajibi ne maigida ya sallame shi da jari, sau da yawa har da shago da haɗa shi da masu ba da kaya. Wanda ya ƙi sallamar yaronsa, ko ya ƙulla masa sharrin sata dab da ƙarshe, yana faruwa, amma abin kunya ne har ƙauyensu, kuma ƙungiyar kasuwa tana shiga maganar. Haka kasuwannin Nnewi da Alaba suka cika da masu shago. Mu namu yaron gida ba shi da wa'adi. Sai ran da Alhaji ya ga dama. Wani ya yi furfura yana "yaron Alhaji", an yi masa aure an kai shi Makka, amma ba shi da allura tasa.

Jikan_Dillali_Sabo:
Amma su ma ɗan garinsu suke ɗaukowa, ba bare ba. Da'irar dai ita ce, kamar yadda Malamin_Tarihi ya ce.

Bahaushen_Onitsha:
Haka ne. Sai dai tasu da'irar tana haihuwar sababbin iyayen gida duk shekara, tamu tana tara yara a ƙarƙashin mutum ɗaya.

Sarkin_Shakka:
Kuma kada a manta da yarda ce aka cinye mutane a damfarar zuba kuɗi ta MMM a 2016, da ta CBEX a 2025. Ba wanda ya shiga don ya fahimci harkar. Kowa ɗan'uwansa ne ko abokin sallarsa ya jawo shi.

Ɗan_Layin_Atamfa:
Na gode ƙwarai jama'a. Ni abin da na tsinta, kuma ban ce kowa ya yarda ba: gaskiyar mutum ba ta zama jari sai an samu wanda ya san da ita kuma yana da abin da zai tsaya masa da shi. Tambayata yanzu ga Alhaji_Mai_Sito da sauran manya: me zai hana ƙungiyoyin layi su buɗe rajistar yaran shago, a rubuta ranar shiga da wa'adin sallama, sannan a yi asusun lamuni da zai tsaya wa ɗan baranda da aka shaida shekaru ba a kama shi da komai ba?

Alhaji_Mai_Sito:
Wa zai riƙe asusun? Nan ma za ka dawo kan tambayarka ta farko. Shugabannin layi su ma suna da 'ya'yan ƙanne.

Talaka_Na_Gari:
To a ba Maman_Biyu ta riƙe 😂

Maman_Biyu:
Ku rufa mini asiri, na matan unguwa ma da ƙyar nake barci. Amma in da gaske kuke, kada kuɗi ya zauna hannun mutum ɗaya. Mu uku muke sa hannu kafin a fitar da na gudummawar biki, kuma duk wata ana karanta lissafi a gaban kowa.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Abin da Hajiya ta bayyana shi ne ƙungiyar gama kai, kuma akwai ofishin rajistarsu a gwamnatin jiha. In layi guda ya yi rajista, yana ajiye lissafin wanda ya karɓi kaya da ranar da ya biya, bayan shekara biyu wannan littafin kansa abin nunawa ne a banki. Sai dai ku shirya wa rigima ranar da ɗan wani babba ya ƙi biya aka zo rubuta sunansa.

Alhaji_Mai_Sito:
Wa'adin sallama dai ba zan sa hannu ba. Wani yaron shekara uku ya isa, wani goma bai isa ba, ni na san nawa. Littafin masu biya da marasa biya kuwa, wannan a kawo shi taron layi bayan sallar Juma'a mu ji ta bakin sauran.